Binciken Mai Neman Haya Kafin a Ba Shi Ɗaki a Cikin Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya mana gidajenmu su zama wurin natsuwa da sutura. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako filin namu zai yi magana ne a kan wata mas'ala wadda ta shafi magidanta da yawa a Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, watau mas'alar mutumin da ke da ɗaki a cikin gidan da yake zaune da iyalinsa, yana so ya ba da shi haya. Shin shari'a ta yarje masa ya binciki wanda ya zo nema? In ta yarje, ina iyakar binciken? Wane haƙƙi ne kuma shi mai neman ɗakin yake da shi a kan mai gida?

YADDA AL'AMARIN YA TASO

Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta mai da Dutse babban birninta, Dutse gari ne na manoma wanda aka fi sani da duwatsu da dabino, kowa ya san kowa, har da kakanninsa. Da aka yi jiha sai ma'aikata suka kwararo, gidaje suka yi ƙaranci, har da yawa daga cikinsu suka riƙa yin sammako daga Kano suna komawa da yamma. Daga 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, aka tattaro ma'aikatun da aka rarraba a wasu garuruwan jihar aka mai da su Dutse. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, ga asibitin Rasheed Shekoni, ga kuma masu yi wa ƙasa hidima waɗanda ake horarwa a sansanin Fanisau. Kowanne daga cikin waɗannan bayin Allah yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa.

Saboda haka a unguwanni irin su Takur da Yalwawa da Zai da Fagoji, kai har a Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun, sai ka tarar da magidanci ya gyara shagon ƙofar gida ko ɗakin soro, ko ya yanki wani sashe na gidansa ya sa 'yan haya. Wani ɗan fansho ne, wata kuwa mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kuɗin hayar nan shi ne cinsu, shi ne kuɗin makarantar 'ya'yansu. Wannan nema ne na halal, babu abin zargi a cikinsa. Sai dai ya sha bamban da ba da gida sukutum haya a wata unguwa. A nan ƙofa ɗaya ake shiga, rijiya ko famfo ɗaya ake ɗiba, wani lokaci ma makewayi da madafi da igiyar shanya duk na tarayya ne. Wanda ka ba makulli zai ga shige da ficen iyalinka, 'ya'yanka za su tashi suna kallon halinsa, maƙwabtanka kuma za su kwana da shi su tashi da shi ba tare da an yi shawara da su ba.

HUKUNCIN HAYA A MAZHABARMU

Malaman mazhabar Imamu Malik suna kiran hayar gida da ta dabba da suna kira'i, suna kuma ɗaukarta tamkar ciniki, sai dai abin da ake sayarwa a nan shi ne amfanin wurin zuwa wani lokaci. Sharuɗɗanta, kamar yadda aka bayyana a Risala ta Ibn Abi Zaid da sauran littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukanmu, su ne a san kuɗin, a san wa'adin, a san abin da aka ɗauka haya, amfanin da za a yi da shi kuma ya zama na halal. Don haka bai halatta ba mutum ya ba da ɗaki ga wanda ya san zai mai da shi wurin sayar da giya ko ƙwaya, ko gidan caca, ko masaukin alfasha, ko maɓoyar kayan sata. Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurce mu a Suratul Ma'ida, aya ta 2, da taimakekeniya a kan aikin kirki da taƙawa, Ya hana mu taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Kuɗin da aka karɓa a kan irin wannan haya, da sani, ba su da tsarki.

Akwai wani hukunci kuma wanda ya kamata kowane mai gida ya sani. Shehu Halil ya ambata a Muhtasar ɗinsa cewa hayar da aka ƙulla ba ta warwarewa don kawai an gano ɗan hayar fasiƙi ne. Abin da ake yi shi ne a kai ƙara ga alƙali ya tsawata masa, in ya ƙi bari sai alƙali ya fitar da shi, ya sa wani a wurin a madadinsa har wa'adi ya cika. Haka nan a mazhabarmu haya ba ta ɓaci saboda rasuwar mai gida ko ta ɗan haya. Magada ne ke ci gaba da ita. Ma'anar wannan ita ce, kafin ƙulla yarjejeniya kana da cikakken zaɓi, ka ba wanda ka so ka hana wanda ka so, amma da zarar ka karɓi kuɗi ka miƙa makulli, to ka shiga ƙarƙashin ayar farko ta Suratul Ma'ida wadda ta wajabta cika alkawura. Ashe ke nan lokacin bincike shi ne kafin a ƙulla, gama rigakafi ya fi magani.

DALILIN HALACCIN BINCIKE

Wani zai ce ai Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, kyautata zato kuma wajibi ne, don me za a tsare mutum da tambayoyi? Amsa ita ce kyautata zato bai hana yin hattara ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure taguwarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa kowannenmu makiyayi ne, za a kuwa tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, namiji a kan iyalinsa, mace a kan gidan mijinta. Makiyayin da ya buɗe garke ga duk wanda ya zo ba tare da ya san ko wane ne ba, lalle bai riƙe amanar kiwo ba.

Sa'an nan ga haƙƙin maƙwabci. Allah Ya yi wasiyya da shi a Suratun Nisa'i, aya ta 36, na kusa da na nesa. Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labarin cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, ya kuma rantse sau uku a kan rashin cikar imanin wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba. To, wanda ya kawo mugu cikin unguwa don kwaɗayin kuɗin haya, ya bar mutane da shi, yana da kaso a cikin cutar da za ta same su.

Tarihin kusa ma ya isa wa'azi. Bayan harin da aka kai Kano ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, wanda ya ci rayuka fiye da 180, an yi ta gano masu ta da ƙayar baya a gidajen da suka kama haya a cikin unguwanni, har jami'an tsaro suka rushe wasu daga cikin gidajen, hukuma kuma ta yi ta kira ga masu gidaje da su san waɗanda suke ba haya. Tsakanin Dutse da Kano tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan a mota. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a al'adarmu. A da, baƙo in ya sauka a gari, mai masaukinsa kan kai shi ga mai unguwa, shi kuma ya sanar da dagaci. A zangunan fatake, tun daga Salaga da Kumasi har zuwa Sabo ta Ibadan, fatoma ko maigida shi ke saukar da falke, ya adana masa kaya, ya tsaya masa lamuni a kasuwa, in ya yi ɓarna kuma shi za a tambaya. Saboda haka ba ya saukar da wanda bai san asalinsa ba, ko wanda ba wani sananne ne ya aiko shi ba. Da wannan tsari aka yi fataucin goro da na shanu shekaru aru-aru.

ABIN DA YA KAMATA A TAMBAYA

Na farko, ka san sunan mutum na gaskiya da garinsu da inda ya baro. A yau Allah Ya sauƙaƙa wannan, domin akwai katin ɗan ƙasa, akwai katin wurin aiki ko na makaranta. Neman ganinsu ba cin fuska ba ne, mutumin kirki kuma ba ya jin haushin a neme su. Na biyu, ka san sana'arsa da hanyar da zai riƙa biya, don kada ka ɗora masa abin da ba zai iya ba, ku zo kuna jin kunyar juna. Na uku, ka san su wa za su zauna tare da shi, mutum nawa ne, mene ne tsakaninsu. Na huɗu, ka tambayi dalilin tashinsa daga inda yake a da, in da hali ka ji ta bakin tsohon mai gidansa. Na biyar, ya kawo wanda zai tsaya masa, mutum sananne wanda ake iya samu in bukata ta taso. Na shida, ka gabatar da shi ga mai unguwa kafin ya kawo kayansa.

Game da wanda zai tsaya masa, sai a lura da abin da Baihaƙi ya ruwaito daga Sarkin Musulmi Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Wani mutum ya zo yana shaidar wani da kirki a gabansa, sai Umar ya tambaye shi ko shi ne maƙwabcinsa na kusa wanda ya san darensa da ranarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa yin hulɗar kuɗi, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa yin tafiya tare, ya ce a'a. Sai Umar ya gaya masa cewa ashe bai san shi ba. Wannan ma'auni ne ga duk mai tsaya wa wani. Gemu da rawani da dogon carbi ba su ne shaida ba, haka nan babbar mota da kuɗin shekara biyu a hannu. Hasali ma, wanda ya zo yana gaggawa, yana ninka kuɗi don kada a tambaye shi kome, shi ya fi cancanta a tsaya a kansa.

Dillalan gidaje kuma su ji tsoron Allah. La'adar da dillali ke karɓa halal ce in ya yi aikinsa da gaskiya. Amma wanda ya kawo mutumin da bai sani ba ya ce ya san shi, ko ya san aibinsa ya ɓoye don kada la'ada ta kuɓuce masa, ya ci amanar mai gida, kuma Muslim ya ruwaito cewa mai algus ba ya cikinmu.

Shi kuwa wanda aka zo tambaya, ko tsohon mai gida ne ko maƙwabci ko abokin aiki, wajibi ne ya faɗi gaskiya, kuma wannan ba ya cikin giba da aka haramta. Ya zo a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim cewa Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Manzon Allah (S.A.W.) a kan maza biyu da ke neman aurenta, Mu'awiya da Abu Jahmi, sai ya bayyana mata abin da ke ga kowannensu, ya shawarce ta da ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Imamu Nawawi ya ƙidaya wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, a ciki har da ba da shawara ga mai son yin hulɗa ko maƙwabtaka da wani. Sharaɗi dai shi ne a faɗi abin da aka sani tabbas, gwargwadon bukata, da niyyar nasiha. Mai gidan da ya yabi mugun ɗan haya don kawai ya rabu da shi ya sauke wa wani, ya yi ha'inci. Wanda kuma ya ɓata mutumin kirki saboda wata 'yar tsama da ta shiga tsakaninsu, ya yi zalunci.

IYAKAR BINCIKE

Addinin da ya halatta tambaya shi ne kuma ya sa mata iyaka. A Suratul Hujurati, aya ta 12, Allah Ya hana yawan zato da leƙen asirin mutane da giba. A aya ta 6 ta wannan sura kuma Ya umurce mu da neman tabbaci in fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Saboda haka abin da ya shafi zaman gidan shi ne naka: amana, da biyan haƙƙi, da kamun kai, da zaman lafiya. Amma dalilin mutuwar auren mace, ko wata cuta da mutum ke ɓoyewa wadda ba ta cutar da kowa, ko laifin da ya yi shekarun baya ya tuba, ko abin da ke cikin wayarsa, waɗannan ba huruminka ba ne. Abin da ka ji a wurin bincike kuma amana ne. In ka ga ba za ka ba shi ɗakin ba, sai ka sallame shi da kyakkyawar magana, kada ka kai labarinsa majalisa ko teburin mai shayi.

A nan dole mu yi wa kanmu faɗa a kan wata ɗabi'a da ta yaɗu, ta yanke wa mutane hukunci a jumlace. Sai ka ji an ce ba a ba gwauro, ba a ba ɗalibi, ba a ba bazawara, ba a ba ɗan ƙabila kaza. Gaskiya ne mai gida yana da ikon duba yanayin gidansa. In gida na kulle ne, makewayi ɗaya, tsakar gida ɗaya, to hana namiji baligi zama a ciki daidai ne, ko da waliyyi ne, domin shari'a ta hana keɓancewar namiji da matar da ba muharramarsa ba, har ma Manzon Allah (S.A.W.) ya tsananta gargaɗi a kan shigar ɗan'uwan miji, balle bare. Wannan hukunci ne da ya rataya ga tsarin gidan, sai a gaya wa mutum haka a fili ba tare da an muzanta shi ba. Amma in ɗakin yana da ƙofarsa ta waje da makewayinsa, rashin aure kaɗai ba laifi ba ne. Sau da yawa saurayin nan ɗakin yake nema don ya sami inda zai ajiye matar.

Al'amarin mata ya fi ban tausayi. Malamar asibiti ko ta makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, ko ɗaliba, ko wadda mijinta ya rasu, sai ta yi ta yawo ana rufe mata ƙofa, ana bin ta da kallon zargi. Ku sani jifan mace kamammiya da alfasha yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, haddinsa bulala 80 ne kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 4, kuma a wurin Imamu Malik ko da habaici aka yi shi, in manufar ta fito fili, haddi ya tabbata. Gidan mutunci mai iyali shi ya fi dacewa da irin waɗannan mata. In mutanen kirki duka suka ƙi su, wa aka bar wa su?

Wanda ba Musulmi ba kuma, ya halatta a ba shi wurin zama haya. Bukhari ya ruwaito cewa lokacin hijira Manzon Allah (S.A.W.) da Abubakar sun ɗauki wani mutum wanda ke kan addinin Ƙuraishawa ya nuna musu hanya, saboda gwanintarsa da amanarsa, kuma Manzon Allah ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Abdullahi ɗan Amru kuwa in an yanka akuya a gidansa yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Tsarin mulkin ƙasar nan na 1999, sashe na 41, shi ma ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama a duk inda ya so a cikinta. Abin da ake bukata shi ne a shimfiɗa masa ƙa'idodin gida tun farko, game da giya da sutura da baƙi da ƙarar kiɗa, in ya yarda sai a riƙe shi da mutunci. Yaran da ake turo mana daga kudu don yi wa ƙasa hidima, abin da suka gani a gidajenmu shi za su koma su faɗa a kan Musulunci.

HAƘƘIN MAI NEMAN ƊAKI DA NA MUTANEN GIDA

Bincike ba a kan ɗan haya kaɗai ya tsaya ba. Shi ma yana da ikon ya tambayi halin mai gida da na sauran mazauna, Larabawa ma kan ce a nemi maƙwabci kafin gida. Wajibi ne kuma mai gida ya bayyana aibin ɗakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In rufi na zuba da damina, ko rijiya na ƙafewa da bazara, ko akwai tsohon bashin wuta a kan gidan, ko gidan na gado ne ana shari'a a kansa, sai a faɗa kafin a karɓi kuɗi. In gidan na magada ne, sai da yardarsu, kason marayu kuma a ajiye musu.

Haka nan kada magidanci ya kawo baƙo cikin gida ba tare da shawarar matarsa ba, domin ita ce za ta wuni da shi ko da iyalinsa. Malamanmu sun ba mace, a mafi yawan hali, ikon ƙin zama gida ɗaya da dangin mijinta saboda abin da ke ciki na takura da tonon asiri. In haka ne game da dangi, ina ga wanda ba a haɗa kome da shi ba?

A RUBUTA, A KAFA SHAIDU

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mafi yawan rigingimun gidan haya daga rashin rubutu suke tasowa. A rubuta kuɗi da wa'adi, da yadda za a raba kuɗin wuta da na ruwa, da wanda zai yi gyara in abu ya lalace, da yashe masai, da kwanakin shara, da lokacin rufe ƙofa, da hukuncin saukar da baƙo mai kwana, da ko an yarda ya sa wani a ɗakin in zai yi tafiya. Musulmi suna kan sharuɗɗansu, matuƙar sharaɗin bai halatta haram ko ya haramta halal ba. A ba da rasit a kan kowane biya.

Wanda zuciyarsa ba ta gama natsuwa ba yana da mafita a fiƙihu. Malamai sun bambanta hayar da aka yanke wa wa'adi, kamar shekara kaza, wadda ke lizimtar kowa har ta ƙare, da hayar wata-wata wadda ba ta lizimtar kowa sai gwargwadon abin da aka biya. Sai a fara da ta wata-wata har a ga kamun ludayin juna. In zama ya ƙi daɗi, a bi hanyar doka. A akasarin jihohin ƙasar nan, in ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuwa na wata shida, sa'an nan na kwana bakwai kafin a je kotu. Cire ƙofa ko kwano, ko yanke wuta, ko watsa kayan mutum waje, zalunci ne a shari'a, laifi ne a doka. Wanda kuma ya gaza biya saboda ƙunci na gaskiya, Allah Ya yi umurni a aya ta 280 ta Suratul Baƙara da a saurara masa har ya sami sauƙi. Shi kuma ɗan hayar da ke da hali yana ja wa mai gida rai, ya sani jinkirin mawadaci zalunci ne.

BAYAN AN MIƘA MAKULLI

Da zarar ɗan haya ya shiga, ɗakin ya zama gidansa. Ba ya halatta mai gida ya faɗa masa ba sallama, ko ya buɗe da wani makulli in ba ya nan, domin ayoyin neman izini na Suratun Nur, 27 da 28, ba su ware mai gida ba. A koya wa yara neman izini a lokuta ukun nan da aya ta 58 ta ambata: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula, da bayan sallar lisha. Shi kuma ɗan haya ya runtse idonsa, ya yi sallama ko gyaran murya kafin ya ratsa tsakar gida, ya tuna cewa a hadisin Ibn Mas'ud an jera cin amanar maƙwabci a kan matarsa tare da shirka da kisan ɗa.

Abin koyi a nan shi ne Abu Ayyuba al-Ansari, wanda ya sauki Manzon Allah (S.A.W.) a gidansa a Madina wajen wata bakwai. Manzon Allah ya zaɓi ƙasa don sauƙin masu zuwa wurinsa, Abu Ayyuba da matarsa suna sama. Malaman tarihi sun kawo cewa wata rana tulunsu ya fashe da dare, sai suka sa mayafin da suke rufa da shi, ba su da wani, suka tsane ruwan don kada ya ɗiga a kan baƙonsu. Wanda ya zauna da mutane da irin wannan kula, ko mai gida ne ko ɗan haya, zai sami lada a kan zaman da wasu ke kwasar zunubi a cikinsa.

Muna kira ga masu unguwanni da dagatai a masarautar Dutse da su riƙa ajiye littafin sunayen 'yan haya, su kuma sauƙaƙa wa baƙo, kada abin ya zama hanyar karɓar kuɗi. Limamai su riƙa bayyana waɗannan hukunce-hukunce a masallatai. Masu gidaje kuma su yi tambaya da ladabi, su yi istihara, sa'an nan su dogara ga Allah, domin iyakar ɗan Adam zahiri, abin da ke cikin zukata kuwa Allah kaɗai Ya bar wa kanSa sani.

Allah Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama nagari ga waɗanda ke zaune da mu. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba marasa muhalli nasu, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.